Ragar Inuwa a Gonar Waken Rani: Abin da Ta Iya wa Zafin Bazara da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

A ƙarshen hunturun da ya gabata na sayi bandir guda na ragar inuwa, wadda masu shago suke kira net, a wani shagon kayan noma da ke cikin birnin Kano, da niyyar in rufe wani ɓangare na waken da nake nomawa da rani a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake isa gonaki ta magudanai. Ragar koriya ce, saƙaƙƙiya da zaren roba, faɗinta mita 3, tsawonta mita 50, kuma an rubuta a jikin ledar da aka naɗe ta cewa tana tare kashi 50 cikin 100 na hasken rana. Da na tambayi mai shagon ko yana da mai tare kashi 30, sai ya ce ta ƙare, ya ƙara da cewa: "Malam, ɗauki wannan, ita ce ta kowa da kowa, tumatir, tattasai, wake, har ɗakin kaji duk da ita ake rufewa." Ragar ba ta da laifi a wannan magana, amma shawarar ba daidai ba ce, kuma na yi kusan wata biyu kafin in gane hakan da idona.

Dalilin sayen ragar shi ne na makara da shuka. Waken rani a ƙasar Kano ana so ya shiga ƙasa daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, bayan sanyin hunturu ya sassauta, domin iri mai saurin nuna ya yi huda ya ɗaure kafin bazara ta kankama. Ni kuwa tumatir ya daɗe a filin, ban samu shuka ba sai a ƙarshen Fabrairu, wanda ke nufin furen zai faɗo cikin Afrilu, watan da zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Na shuka abu biyu: wakenmu na gida a yawancin filin, da kuma 'yan fangaloli na koren wake, irin wanda ake yankawa a soyayyar shinkafa, wanda galibi daga Jos ake kawo mana shi. Kowannensu na rufe rabi da raga na bar rabi a fili, ana ba su ruwa rana ɗaya, an kuma yi musu taki da feshi iri ɗaya.

Ba za a iya yi wa wannan raga adalci ba sai an fahimci abin da zafi yake yi wa ganyen wake, domin abin da mutum yake saya a haƙiƙa sauƙi ne ga ganyen. Ganye shi ne inda tsiro yake haɗa abincinsa, aikin da masana suke kira fotosintesis: koren sinadarin da ke cikinsa, wato kulorofil, yana kama hasken rana, saiwa tana turo ruwa, iskar kabon-dayokzayid tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani waɗanda suka fi yawa a bayan ganyen, sannan a haɗa su a samu sukarin da ake gina kara da saiwa da ƙwaya da shi. Matsalar ita ce ƙofar da iskar kabon take shiga ta nan ruwa yake fita a matsayin tururi. Wannan fitar ruwa tana da amfani, domin ita take sanyaya ganyen, kamar yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa saboda naso da take yi ta jikinta, kuma shi ya sa ganyen da saiwarsa take samun isasshen ruwa yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digirori. Amma idan rana ta take a bazara, iska ta bushe ƙayau, ruwan da ke fita yakan fi wanda saiwa take iya turowa, sai tsiron ya tsuke ƙofofin don kada ya bushe. Da zarar ya tsuke su, iskar kabon ta daina shiga, sanyayawar ma ta tsaya, ganyen ya ƙara zafi a daidai lokacin da hasken ya fi yawa. Manomi yana ganin gona kore shar a tsakar rana yana zaton aiki take yi, alhali tun hantsi aikin ya ja baya, ba kuma zai farfaɗo sosai ba sai wajen la'asar.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Sinadarin da ke kama iskar kabon a cikin ganye, wanda ake kira Rubisko, ba ya tantance ta da iskar oksijin yadda ya kamata, ga shi kuma oksijin ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ita kuwa iskar kabon ba ta wuce kashi 0.04 ba. Duk lokacin da Rubisko ya kamo oksijin a maimakon kabon, sai tsiron ya kashe ƙarfi wajen gyara kuskuren, ya kuma saki wani ɓangare na kabon ɗin da ya riga ya tara. Ko a matsakaicin yanayi wannan asara takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ganyen ya kama, kuma tana ƙaruwa da ƙaruwar zafi, domin zafi yana rage narkewar iskar kabon a ruwan ganye fiye da yadda yake rage ta oksijin, yana kuma ƙara wa Rubisko yawan kuskure. Masara da dawa da gero da rake sun tsira daga yawancin wannan asara saboda suna da wata dabara ta tara iskar kabon a ƙwayoyin halittar da ke kewaye da jijiyoyin ganye kafin su miƙa ta ga Rubisko, shi ya sa gero yake bunƙasa a zafin da ke gajiyar da wake. Wake kowane iri ba shi da wannan dabara. Idan zafin ganye ya ƙara hawa zuwa wajen digiri 40, wani sinadari mataimaki da ke riƙe Rubisko a cikin shirin aiki yakan fara lalacewa, idan kuma ya haura digiri 45 ya daɗe a haka, su kansu sassan da ke kama haske sukan samu rauni, wanda ke bayyana daga baya a matsayin ƙuna da kodewar launi a gefen ganye.

Wakenmu na gida yana da nasa maganin, kuma duk wanda ya tsaya a gonar wake da azahar ya gan shi ko da bai san sunansa ba: ganyayyakin sukan miƙe su juya gefensu ga rana, ta yadda hasken zai zame ta jikinsu maimakon ya daki fuskarsu. Wata 'yar gaɓa mai kumburi da ke gindin kowane ganye ce take juya shi. Wani dattijo da gonarsa take maƙwabtaka da tawa, da ya ga muna kafa sanduna muna ɗaura raga, ya ce da ni: "Yaro, wake ai ɗan rana ne, shi ya san yadda yake yi da ita." Na ce: "Baba, gwaji ne kawai." Game da waken gida, gaskiya tana wajensa fiye da yadda na so in yarda a lokacin.

A kan koren wake ragar ta yi aikin da aka saye ta dominsa, kuma bambancin bai buƙaci wani ma'auni ba. Asalin wannan wake daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya da tsaunukan Andis na Amurka ta Kudu ne, ya saba da yanayi mai sanyi-sanyi, amfaninsa yana fara raguwa idan zafin rana ya wuce digiri 30 ko na dare ya wuce 20, wanda shi ne dalilin da ya sa tudun Jos ya karɓe shi, Kano kuwa ba ta karɓe shi ba sai da hunturu. Wanda na bari a fili, da Maris ya yi nisa, ganyensa yakan yi laushi tun kafin azahar ko da ƙasar tana da danshi, gefensa ya ƙone, girmansa ya tsaya. Wanda ke ƙarƙashin raga ya riƙe ganyensa a buɗe mafi yawan yini, ganyen yana da sanyi idan an taɓa shi, ƙasar fangalin kuma takan ƙara kwana da danshi fiye da ta waje. Hikimar a nan ita ce ganye guda na irin waɗannan tsirrai yana ƙoshi da haske tun kafin hasken ya kai rabin na tsakar rana mai tsananin haske. Abin da ya ƙaru a kan haka ba ya ƙara abinci, zafi kawai yake ƙarawa. Saboda haka rage hasken tsakar rana ga tsiron da zafi ya riga ya rufe wa ƙofofi riba ce. Na ci gaba da tsinkar koren wake a ƙarƙashin raga bayan na fili ya daina ba da abin kirki, ko da yake shi ma ya ja baya da Afrilu ta yi nisa.

A kan waken gida labarin ya sauya. Makonnin farko na yi murna, domin na ƙarƙashin raga ya fi tsawo, ganyensa ya fi faɗi, korensa ya fi duhu, har masu wucewa suna yabawa. Daga baya na lura cewa tsawon na neman haske ne: gaɓoɓin karan sun yi nisa da juna, ganyen ya yi faɗi amma ya yi sirara, rassan sun yi kaɗan, hudar ta makara da 'yan kwanaki, kuma da aka zo ɗaurin ƙwanso na fili ya fi shi. Kuskuren da na yi a lissafi shi ne na ɗauki abin da ya shafi ganye guda na ɗora wa gona baki ɗaya. Ganyen da ke sama ne yake ƙoshi da rabin haske. Da zarar wake ya rufe kunya, ganyayyakin ƙasa suna rayuwa ne da ɗan abin da ya tsallake na sama, kuma idan an riga an cire rabin hasken tun daga sama, su sai su koma masu ci ba masu kawowa ba. Bugu da ƙari raga ba ta san lokaci ba. Tana tare rabin hasken azahar da ya yi yawa, tana kuma tare rabin hasken safiya, alhali safiya ita ce lokacin da iska take da sanyi, ƙofofin ganye suke a buɗe, wake yake yin mafi kyawun aikinsa na yini. A ranakun da ƙurar hunturu ta dawo a farkon Maris ta lulluɓe sama, ƙarƙashin ragar ya yi duhun da bai dace da wake ba ko kaɗan. Har ƙulle-ƙullen saiwa da ke samar wa wake naitirojin daga iska suna dogara ne da sukarin da ganye yake aiko musu, don haka ƙarancin haske yana taɓa tsiron har ƙarƙashin ƙasa.

Launin ma abin dubawa ne, kuma ba wanda ya ambata mini shi a shago. Kulorofil ya fi amfani da jan haske da shuɗi, koren kuwa shi ne wanda ganye ya fi mayarwa, dalilin da ya sa muke ganinsa kore ke nan. Koriyar raga tana sauya yanayin hasken da ke ratsa ta zuwa ɓangaren kore, baƙa tana rage kowane launi daidai wa daida, fara kuma tana mayar da wani ɓangare na hasken sama ta watsa sauran ya shiga tsakanin ganyayyaki. Koriya ta fi kyan gani a gona, ina kuma zaton shi ya sa ta fi yawa a kasuwa.

Inda ragar ta kasa gaba ɗaya, ga waken gida da koren wake duka, shi ne zubewar fure, kuma abin takaicin shi ne wannan matsalar ce ta fi kai ni shago. A Afrilu furanni suna buɗewa da safe, kafin kwana ɗaya ko biyu a same su a ƙasa ba su ɗaure ba, a fili da ƙarƙashin raga babu wani bambanci na a zo a gani. Binciken da masanin tsirrai Anthony Hall da abokan aikinsa suka yi shekaru da dama a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya nuna cewa zafin dare ne, fiye da na rana, yake lalata garin namijin furen wake, kuma ɓarnar tana faruwa kimanin mako guda kafin furen ya buɗe, don haka furen da ya zube yau zafin daren makon jiya ne ya kashe shi. Sun kuma gano cewa illar ta fi tsanani a ƙasashen da yini yake da tsawo, amma ba ta bar namu ba. Daga wannan aiki ne aka fitar da irin wake mai jure zafi mai suna CB27 a shekarar 1999. A ɓangaren koren wake da danginsa, cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Kolombiya ta sanar a 2015 cewa ta samu ire-ire masu jure zafi, da yawansu ta hanyar haɗa su da waken tefari, wanda ya saba da hamadar Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Duka biyun sun nemi mafita ta hanyar iri ne, domin babu rufin da ke sanyaya dare. A Kano dararen Afrilu sukan kwana sama da digiri 24, raga kuwa da dare ba ta da hasken da za ta tare, sai ma ta rage kaɗawar iska ta ɗan riƙe zafin da ƙasa take saki. Zafin dare yana kuma ƙara wa tsiro saurin numfashi, wato yana ƙona sukarin da ya tara da rana tun kafin ya kai shi ga ƙwaya, kuma tsiron da raga ta rage wa abin da yake tarawa shi wannan ya fi cutarwa.

Game da ingancin kayan, saƙar tana da kyau, kuma da yake saƙa ce mai sarƙe zare da zare, idan an yanke ta da almakashi ba ta warwarewa. Ba ta da nauyi, mutum biyu suna iya ɗaura ta a yini guda. Sai dai gefenta ba a yi masa kalmasa ba, babu kuma ƙofofin zura igiya, don haka duk inda aka ɗaure ta da waya nan take fara yagewa idan iska ta ja. Da na koma naɗe gefen a jikin igiya ina ɗinkewa da zaren buhu, matsalar ta ragu. Guguwar bazara ta ɗage ta sau biyu, iskar hadarin farko kuma ta karya mini sanduna. An rubuta a leda cewa an sa mata sinadarin kariya daga hasken rana, bayan kaka ɗaya launinta ya ɗan kode amma zaren bai fara ruɓewa ba, shekara ta biyu ce za ta nuna gaskiyar wannan rubutu. Ƙura tana taruwa a kanta ta ƙara mata duhu, sai an riƙa kakkaɓewa. Tsayin da aka kafa ta ma yana da tasiri: da farko na yi ta ƙasa-ƙasa don in rage kuɗin sanduna, sai zafi ya taru a ƙarƙashinta, feshi ya yi wuya, da na ɗaga ta sama da tsayin mutum na bar gefunan a buɗe, iska ta samu hanya. Ba ta hana darɓa da tsutsar ƙwanso shiga, domin idonta ya yi musu faɗi, kuma wanda ya ɗauka za ta rage masa feshi zai yi asara. Abin da ba ta cutar ba shi ne barbarar fure, tunda wake yana barbarar kansa, bai dogara da ƙudan zuma ba.

Lissafin kuɗi shi ne ya yanke hukunci. Bandir ɗaya yana rufe murabba'in mita 150 ne kawai, hekta ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce, wato sai an sayi bandir fiye da 60, ban da sanduna da waya da kuɗin aiki. Babu farashin buhun wake da harawa da zai biya wannan, ko da ragar tana ƙara amfani, balle ga shi a wajena ta rage. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a noman irin wakenmu na gida a duniya, kuma manomansu sun kai nan ne da iri da ya dace da ƙasarsu da sanin lokacin shuka. Wasu 'yan kunyoyi na fili da na ware dabam na lulluɓe gindinsu da bambaron shinkafa, na kuma riƙa ba su ruwa da sassafe a makonnin huda, su ne suka fi kowane ɓangare ɗaure ƙwanso, domin bambaron ya hana ƙasa ɗaukar zafi, ruwan safe kuma ya ba ganyen abin da zai sanyaya kansa da shi ya daɗe bai rufe ƙofofinsa ba. Kuɗin wannan bai kai na sandunan raga ba.

Wanda zai amfana da wannan raga shi ne mai renon tumatir da tattasai da kabeji, da mai ƙaramin lambun koren wake da yake so ya ja kakarsa zuwa Maris a lokacin da kayan ke tsada, kuma shi mai lambun, raga mai tare kashi 30 zuwa 35 ya kamata ya nema, fara ko baƙa, ya kafa ta yadda zai iya zuge ta da safe ya mayar idan hantsi ya ɗaga. Mai kashi 50 ta fi dacewa da reno da sabon dashe, masu kashi 75 da 90 kuwa na ɗakin kaji da rumfar dabbobi ne. Tawa na wanke ta na naɗe na ajiye a ɗaki, za ta koma kan renon tumatir idan damina ta ja baya, filin wake kuma na riga na ware masa wanda tumatir ba zai riƙe ba, domin iri ya shiga ƙasa a makon farko na Fabrairu.